Faifan da Gara Ta Ci Sunansa

A shagon Nomau mai gyaran rediyo,
can bayan tsohuwar tasha a Maradi,
akwai faifai guda, baƙi wuluk.
Gara ta cinye takardar tsakiyarsa,
ta ci sunan makaɗi, ta ci shekara,
ta bar mana kiɗan, don ba ta da kunne.

Wani bature ya bar shi jingina, in ji Nomau,
zamanin da gyaɗa ke sarauta a garin nan.
Ya ce zai dawo ran Laraba.
Laraba ta zo ta fi sau dubu biyu.

In la'asar ta yi sanyi, in kuran bai ɗauke ba,
sai ya hure allura, ya aza ta a hankali.
Da fari ƙara ce, kamar ana tuyar ƙosai a nesa.
Sannan jita. Ita kaɗai.
Ba ganga, ba mawaƙi, ba ƴan amshi,
mutum guda, tsirkiya shida, da dare.

Babban yatsa na ƙasa yana tafiyar raƙumi,
ba ya sauri, ba ya tsayawa.
Sauran yatsun na bisa suna abin da suka ga dama.
Yakan ja tsirkiya har ta lanƙwashe,
ta soma kukan da ba za ta ƙarasa ba,
ya sake ta, ta dawo gida a makare
ba ta ba kowa haƙuri ba.

Ɗan Jimo tela ya ce, Indiya ce wannan!
Na ji irinsa a silima ina ɗan yaro,
na tsallaka katanga, na sha bulala a kansa.
Arzika direba ya ce, ina!
Wannan gangarar ta Larabawa ce,
da ita muke kwana a hanyar hamada.
Tsoho Mijinyawa da ya yi soja
bai tanka ba sai da shayi ya kai na uku:
ku saurari inda ya ƙi sauka a kan bugu,
ya ɗan jinkirta, ya zame gefe.
Jaz ke nan, na baƙaƙen Amurka.
Mun ji shi a bariki, ana ruwa, an hana mu fita.

Ni kuwa gurmin kakana nake ji a ƙarƙashi,
amma na yi shiru,
kada a ce kowa na jan bargo wajensa.
Ba wanda ya yi ƙarya a cikinmu.
Kasuwar Juma'a ce aka zuba cikin akwatin katako,
kowa ya shiga zai ga ɗan garinsu.

Abin da ya kama ni ba gwaninta ba ce.
Ƙugin yatsa ne in ya zame kan tsirkiya,
numfashin da ya ja kafin ya hau tudu,
da kuskure guda da ya yi, bai koma ba,
ya mai da shi hanya, ya bi.

Kusa da ƙarshe akwai tabo.
Allura kan yi tuntuɓe, ta yi ta maimaita
gaɓa guda, gaɓa guda, gaɓa guda,
sai Nomau ya taɓa ta da farce.

Bara ɗiyata Tsahara ta kara wayarta a lasifika,
wayar ta gane kiɗan, ta kawo shi tas, ba ƙara.
Na zauna ina jiran tuntuɓen nan.
Bai zo ba.
Sai na ji kamar na taka matakalar da babu.
Ta ce, Baba, ga ma sunan mutumin.
Na ce riƙe abinki tukuna.

Yau ma mun ji shi har sau biyu.
Nomau ya mai da shi rigarsa ta takardar siminti,
ya leƙa titi, hagu da dama,
ya ce gobe fa Laraba.